Ragowar Mai a Tankin Babur

Saƙon ya same ni a rumfata ta kayan yaji a Kasuwar Kurmi, ta bakin wani mutum da ke kawo mana tattasai daga gabas. Ya fi shekara bai leƙo ba, har na fara sa shi cikin waɗanda tashin hankalin da ake yi a can ya rutsa da su. Ya rame ƙwarai. Na jawo masa benci, ya ƙi zama. Ya ce, “Ƙanwar mahaifiyarku tana kwance, jikin ya yi nauyi. Ta ce a faɗa wa yayarta ta zo.” Na tambaye shi yaushe ya baro ta. Ya ce kwana shida ke nan.

Mu asalinmu Barebari ne. Kakanmu na wajen uba karatu ya kawo shi Kano, ya zauna a Koki, a nan aka haife mu. Mahaifiyata kuwa, wadda muke kira Hajiya, daga can aka auro ta, daga wani gari a ƙasar Nijar, arewa da Difa. Su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu, ita da ƙanwar tata da muke ce wa Inna. A da ta Maiduguri ake bi a ƙetare kogi. A shekarun da nake magana ba mai hankalin da zai bi wannan hanya, kuma an katse layin waya a yankin, ko gaisuwa ba ta wucewa.

Wana na fara gaya wa, shi ne babba, kuma ya taɓa tuƙa motar kaya zuwa Damagaram shekaru da dama. Ya ce, “Auta, kada ka faɗa mata. Mace mai ciwon gwiwa, ina za ta a wannan hali? In Allah ya yi wa Inna cikawa ma ji.” Na ce to. Amma da na shiga gaishe ta da yamma na tarar tana tsince shinkafa a faifai, sai bakina ya kasa riƙewa. Ta ajiye faifan, ta ce, “Kira min wancan.” Ba ta faɗin sunan Yaya, ɗan fari ne. Da ya zo ba ta yi masa faɗa ba. Cewa kawai ta yi, “Ka duba motar nan, jibi za mu tashi.”

Motar tsohuwa ce, doguwa, ta mahaifinmu marigayi. Yaya ya kai ta gareji aka sake mata fulogi da taya biyu. Muka bi ta Daura muka ƙetare iyaka, muka kwana a Damagaram. A nan ya cika tanki, ya kuma cika jarka biyu ya kwantar da su a but ɗin motar, ya rufe da tabarma da buhun kayan yajin da na ɗauro wa Inna tsaraba. Lokacin bazara ne, tun hantsi kujerar mota take ƙona mutum.

Mun ƙara mai a Gure. Ba mu yi nisa da garin ba muka tarar da shingen sojoji. Wanda ya duba mu bai ɗaga murya ba, gajiya ce kawai a fuskarsa. Ya ɗage tabarmar, ya tsaya yana kallon jarkokin.

“Malam, ba ka san an hana ba? Daga nan zuwa gabas ba mai wucewa da mai a jarka. Mutanen daji, 'yan bindigar nan, shi suke nema.”

Yaya ya nuna masa Hajiya, ya faɗi inda za mu. Sojan ya leƙa ya gaishe ta da ladabi, ya ce, “Ku zuba abin da tanki zai ɗauka. Sauran a nan zai zauna.” Tankin kuwa kusan cike yake. Ko rabin jarka bai shiga ba ya fara amai. Muka ja mota muna kallon sauran a jere da na wasu a gindin bishiya.

A Maine gidajen mai a rufe suke, an naɗe bakin famfunan da buhu. 'Yan bumburutun da Yaya ya sani a da, masu jera kwalabe a kan tebur, ba ko ɗaya, tebur ɗin kawai. Muka shiga Difa allurar mai tana kwance a kan ja. Wasu dangin mahaifinmu na nesa suka sauke mu. Washegari muka shiga layi a gidan mai ɗaya da ke bayarwa, tun bayan asuba har la'asar. Da layi ya zo kanmu aka zuba mana ɗan abin da ake zuba wa kowace mota, aka ce mu matsa. Zuwa lokacin kuma an rufe hanyar fita, don mota ba ta barin gari in rana ta yi sanyi.

Da safe Yaya ya ce mu koma layin mu ƙara kwana ɗaya. Ya ce, “Wannan man ba zai kai mu ba. Na san hanyar, rairayi ne.” Muka fito zaure muna wannan magana, sai muka hango Hajiya ta riga ta shiga mota ta zauna, da ledar maganinta a cinya da carbi a hannu. Yaya ya durƙusa ta taga ya yi mata bayani. Ta saurare shi har ya gama, ta ce, “Yau kwana goma sha ɗaya da aiko ni.” Ya juyo ya dube ni don in taya shi. Ni kuwa na ce, “Yaya, mu tafi a hankali, wataƙila ya kai.” Ya shiga ya tayar da mota.

Da fari hanyar cike take da mutane. Hagu da dama bukkoki ne na zana da leda, na waɗanda suka gudo daga ƙauyukan bakin kogi suka zauna a gefen kwalta. Mata na tafe da itace a ka, ba mai ɗaga ido ya dubi mota. Daga baya bukkokin suka ƙare. Kwaltar ta farfashe, rairayi ya hau kanta, dole aka riƙa sauka gefe ana tafiya da ƙaramar giya, injin yana kuka yana shan mai. Sai tudun yashi da ƙaya da tumfafiya. Mun yi fiye da awa ba mu haɗu da mota ko ɗaya ba. Ni dai allurar nake kallo, Yaya kuma ya ƙi kallonta.

Kafin azahar motar ta yi tari sau biyu, ta gangara kaɗan, ta tsaya. Shirun da ya biyo baya har yau ina jin sa. Yaya ya kifa goshinsa a kan sitiyari. Na fita na hau tudu, na hango rufin ɗakuna da wasu itatuwa ta gabas, tafiyar da lafiyayye zai yi a minti ashirin. Na ce zan je in tambaya. Hajiya ta buɗe ƙofa ta zuro ƙafa.

“Da wane bakin za ka tambaya? Barbarcin naka ko gaisuwa ba ya gamawa. Kama ni.”

Yaya ya zauna gadin mota. Mun kusa awa ɗaya kafin mu isa, tana dafe da kafaɗata, muna tsayawa tana haki. Takalminta ya riƙa nutsewa a yashi, ta cire shi, yashin ya ƙone ta, ta mayar.

Mazan ƙauyen na zaune a inuwar wata bishiya kusa da masallaci. Tun daga nesa suka daina hira. Muka yi sallama, aka amsa ciki-ciki, aka kawo wa Hajiya ruwa. Mai garin, wanda suke kira Bulama, dattijo ne mai ido ɗaya. Da na ambaci mai, sai na ga wasu sun tashi sun bar wurin. Bulama ya ce da Hausa, “Ba mai a garin nan. Ko na ashana babu.”

Daga baya na fahimci abin da na yi. A wannan lokaci baƙon da ya zo ƙauye neman mai ɗaya ne cikin biyu, ko ɗan aiken mutanen daji, ko wanda aka turo ya gwada su. Ko wanne ne, in ka ba shi ka shiga uku.

Hajiya ta gyara zama a tabarma ta fara magana da Barbarci. Ban taɓa jin ta yi shi da tsawo haka ba, muryarta ma ta sauya. Ina tsintar kalma ɗaya-ɗaya. Ta faɗi gidan da ta fito, da sana'ar mahaifinta, da unguwar da ƙanwarta ke aure. Bulama ya yi mata tambayoyi, tana amsawa. Can ya ce ya san gidan, ya taɓa kwana a zaurensu yana saurayi, lokacin da yake kai kifi kasuwa. Sai wani mutum mai tabon ƙuna a hannu ya ce, “Baba, ai akwai babura.”

An hana hawa babur a duk yankin fiye da shekara guda. Kusan kowane gida akwai ɗaya a jingine, da ɗan abin da ya rage a tankinsa tun ranar da aka ajiye shi. Bulama ya dubi mutanensa ɗaya bayan ɗaya, ya ce, “Ba sayarwa za mu yi ba, kowa ya shaida. Tsohuwa ce za ta ga 'yar'uwarta. In an tambaya, ni na sa.”

Aka samo wani tsohon bokitin ƙarfe. Ni da mai tabon nan da Bulama muka shiga bi gida-gida, Hajiya tana zaune wurin matan. Baburan na bayan ɗakuna, an lulluɓe su da zana ko tsummoki, tayoyi sun sace, a ƙarƙashin wani har kaza ta yi ƙwai. Mai gida zai yaye rufin da kansa, ya share ƙurar kujerar da tafin hannu, ya jijjiga babur ɗin ya kara kunne a tanki. In an ji motsi, sai a zare ɗan tiyon da ke ƙasa a tara bokiti. Wani ya ba da kamar rabin kwalba, wani cikin kofi, wani ɗigo uku ya tsaya. Man ya yi ja, warinsa ya juya. Wani ya ce min da wannan babur yake kai tattasai kasuwa, da shi ya aurar da 'ya'yansa biyu, yanzu sai dai ya yi itace. Bai faɗa don in tausaya masa ba, yana magana yana mayar da rufin.

Mun shiga gida tara ko goma. Abin da ke bokitin bai kai tsawon yatsa ba. Na san ba zai kai mu rabin abin da ya rage ba, su ma sun sani. Muka dawo gindin bishiya muka ajiye shi a tsakiya, kowa na kallonsa. Mai tabon ya fara cewa, “Saura na gidan…” sai Bulama ya daka masa tsawa. Na tambaya. Da ƙyar aka gaya min. Akwai wata tsohuwa a ƙarshen gari, ɗanta ɗaya. Ya cika tankin babur ɗinsa ana gobe za a kafa dokar. Bayan wata biyu ya tafi gonar tattasai a bakin kogi da ƙafa, bai dawo ba. Ba wanda ya san ko mutanen daji ne suka tafi da shi, ko kama shi aka yi. Ta shigar da babur ɗin cikin ɗakin kwananta, tana goge shi duk Juma'a, ba mai taɓa shi.

Na je na faɗa wa Hajiya. Ta ce, “Kada wanda ya tambaye ta. Gara mu kwana a hanya.”

Ba mu tambaye ta ba. Ƙaramin gari ne, magana ta riga ta kai mata. Muna shirin ɗaukar bokitin sai ga ta tafe, 'yar siririya, ta girmi Hajiya, da zane baƙi da ya koɗe. Ba ta kula mazan ba, ta wuce ta tsuguna gaban Hajiya. Abin da suka faɗa, Hajiya ce ta fassara min daga baya.

Ta ce, “'Yar'uwar taki tana da rai?”

Hajiya ta ce, “Haka aka ce min kwana goma sha ɗaya da suka wuce.”

Ta ce, “To ke kin san inda taki take. Turo yaronki ya ɗiba.”

Hajiya ta ƙi. Tsohuwar ta miƙe ta ɗauki bokitin da kanta ta yi gaba, dole na bi ta.

Ɗakin duhu ne, gado ɗaya na kara, da tukunya, da babur ɗin a jikin bango, ja, yana sheƙi kamar jiya aka saye shi. An rataye hular mai shi a madubi. Na durƙusa na zare tiyon, man ya zubo da ƙarfi, ƙararsa a bokitin ƙarfen ta cika ɗakin. Ta fita tsakar gida ta ba mu baya. Can ta yi magana ba tare da ta juyo ba, mai tabon ya ce min, “Ta ce ka bar masa kaɗan, wanda zai kai shi kasuwa.” Na mayar da tiyon. Na jijjiga tankin don ta ji akwai saura.

Da muka koma mota Hajiya ta sa na kwance buhun tsarabar, aka raba kanumfari da citta da masoro biyu, aka aika wa tsohuwar da rabi. An ɗauko Hajiya a kan jaki. Muka tace man da ɗankwalinta, Yaya ya zuƙo shi da baki har ya hau, motar ta yi ta tari tana fitar da baƙin hayaƙi, ta tashi. Ba wanda ya ɗaga mana hannu. Suna tsaye dai har muka sha kwana.

Mun shiga garin su Inna bayan la'asar. Hajiya ce ke nuna hanya, lungu-lungu, ba ta manta ko ɗaya ba. Da muka karyo kwanar gidan na ga tabarmi a shimfiɗe a ƙofa, maza zaune jere da bango, butoci a gefe. Yaya ya taka birki tun da sauran tafiya. Babban ɗan Inna ya taso ya zo, ya durƙusa ta tagar Hajiya. Jiya da hantsi aka kai ta, lokacin muna tsaye a layin mai a Difa.

Hajiya ba ta yi kuka ba a lokacin. Ta yi salati, ta zauna a motar ta ƙi fitowa, mata suka fito suna riƙe da ƙofa suna jiranta. Da na sunkuya in kama ta, ta riƙe hannuna ta ce, “Auta, man matar nan. Mun ƙone mata shi a banza.” Yaya bai taɓa ce min ai ya faɗa ba, ko a ranar ko bayanta.

Mun zauna har aka yi sadakar bakwai. Ɗan Inna ya yi ta zirga-zirga har ya samo mana takardar izini aka cika mana tanki. Ana gobe za mu tashi Hajiya ta ce Yaya ya nemo tiyo, za mu tsaya a ƙauyen nan a zuƙo daga tankinmu a mayar wa kowa abin da ya bayar, a cika na tsohuwar. Yaya ya ce hakan zai iya jawo musu fitina. Ta ce, “Nemo dai.”

Da muka iso wurin muka sauka daga hanya muka shiga har gindin bishiyar. Ba kowa. An ciccire ƙyamaren ɗakuna da zanan danga, masallacin ba tabarma ko ɗaya. Na shiga ɗakin tsohuwar, gadon karan na nan, da shatin taya a ƙasa. Muna fitowa muka ga wani makiyayi da awaki 'yan kaɗan. Ya ce kwana huɗu da suka wuce aka ce duk ƙauyukan wannan ɓangare su tashi, sun koma bakin kwalta wajen Difa. Hajiya ta tambaye shi tsohuwar. Ya ce ya gan ta. Maza biyu ne ke tura mata babur ɗin a cikin yashi, tana biye da ƙullin kaya a ka. Ban tambaye shi ko zuwanmu ne ya jawo ba. Ya ce duk ƙauyukan ne, na riƙe wannan.

Da muka iso bukkokin Yaya ya rage gudu, Hajiya ta manne da taga. Sun ƙaru a kan yadda muka bar su, sun yi nisa ciki har inda ido ba ya kaiwa. Sau uku muna tsayawa ina fita ina faɗin sunan ƙauyen. Wani ya nuna gaba, wani ya nuna baya, wata ta ce ba ta taɓa jin sa ba. Rana ta fara sanyi, in aka rufe hanya a nan za mu kwana. Yaya ya ce, “Hajiya, sai haƙuri.” Ta ce, “Mu je.”

Ta yi shekara uku bayan wannan tafiya, ba ta sake fita bayan ganuwa ba sai asibiti. Gwiwar ba ta koma daidai ba tun tafiyar yashin nan. Duk wanda ya zo Koki daga gabas sai ta sa an shigo da shi ta tambaye shi ƙauyen, ba a taɓa samun wanda ya sani ba.

Bayan rasuwarta da 'yan kwanaki, masu gaisuwa sun ragu, ni da Yaya muna zaune a zaure da hantsi muna naɗe tabarmin aro. Ya tsaya da wata a hannu ya ce, “Auta, babur ɗin matar nan, wane launi ne?”

Na ce ja.

Ya ce, “Bayan tsayawarmu ta uku, muna tafiya, na hango wani babur a madubi, a jingine a bayan wata bukka, an rufa masa zane baƙi. Na ga jan a ƙasa. Na duba rana, na duba ku, na taka mota.”

Na ce jajayen babura suna da yawa a ƙasar nan. Ya ce haka ne, suna da yawa. Ya ɗora tabarmar a kan sauran, ya ce in kira mai turin kura ya zo ya mayar da su masallaci.